Makaho ya rasa ido ya ce wari gare shi: ta hau kan Geordi ko ba ta hau ba?

Ɗan Birni: Salamu alaikum jama'a. Karin maganar yau ita ce "makaho ya rasa ido ya ce ido wari gare shi". Masu kallon Star Trek: The Next Generation, shirin nan na Amurka da aka yi daga 1987 zuwa 1994, sun san Geordi La Forge, babban injiniyan kumbon Enterprise, da makantarsa aka haife shi, akwai wani abu kamar baka da yake maƙalawa a fuska ya rufe idanun, VISOR sunansa, da shi yake gani. To an ba shi ido irin na kowa ya ce a mayar da shi yadda yake. Ni dai na ce wannan karin maganar kamar don shi aka yi ta.

Malamin Firamare: Wa alaikumus salam. Ɗan Birni ka ɗora ta inda ba muhallinta ba. Ana faɗinta ne ga wanda ya nemi abu bai samu ba sai ya koma kushe shi don huce haushi, kamar saurayin da aka hana yarinya ya dawo yana cewa dama can ba ta iya tuwo ba. Sharaɗi biyu ne, rasawa da kushewa. Shi Geordi a hannu aka damƙa masa, ina rasawar?

Ɗan Birni: Malam ai ya daɗe da rasawa, ya saba, shi ya sa da abin ya zo girman kai ya hana shi karɓa

Maman Biyu: Haba ƙanena ka kalli wurin kuwa ko labari aka ba ka? A zangon farko ne, lokacin ma bai zama injiniya ba tuƙin kumbon yake, wani hatsabibi mai suna Q ya ba Riker mataimakin kyaftin iko, shi kuma Riker ya buɗe wa Geordi ido. Yana buɗewa ya juya ya kalli abokiyar aikinsa Tasha Yar ya yaba kyanta, ka ga fuskarsa wlh sai ya ba ka tausayi. Sannan ya ce a mayar da shi don ba ya son wanda zai yi wa godiya, wato Q. Wanda ya ce abu na da daɗi amma hannun da ya miƙo ne ban yarda da shi ba, ina ya ce wari?

Bakanike: Ni ta ɓangaren aiki zan duba. Na'urar nan ba ido ba ce, ta wani gefen ta fi ido, yana ganin zafi, yana ganin hasken da mu ba ma gani, ƙarfe in ya fara tsagewa ta ciki shi zai riga kowa sani. A zango na biyu likitar kumbon, Pulaski, ta yi masa maganar gyaran idon, ya tsaya yana lissafin abin da zai rasa, bai amsa ba. Kuma fa ba kyauta yake sha ba, ciwon kai take sa shi kullum. Mutumin da sana'arsa ke rataye da abu dole ya yi nazari kafin ya cire.

Ɗan Birni: To in haka ne me ya sa a fim ɗin Star Trek na 1996 ya ajiye VISOR ɗin aka dasa masa idon na'ura? Ashe dai yana so

Maman Biyu: Yauwa, ka kawo mana hujja da bakinka. Yana so mana, wa ya ce ba ya so. A na 1998 ma da idanunsa na ainihi suka warke na ɗan lokaci a wata duniya, fita ya yi ya tsaya kallon fitowar rana. Mai cewa wari ba ya wannan.

Malamin Firamare: Hajiya ta gama magana. Ni abin da ya fi damuna yadda muke jifan makafi na gaske da ita, alhali mai ido aka yi wa ita. Makaho ya ce na gode Allah ina sana'ata ba na bara, sai wani ya yi dariya ya ce ido wari. Wannan cin fuska ne ba hikima ba.

Bakanike: Haka "aikin banza, makaho da waiwaye", da Geordi ya waiwaya sai ya faɗa maka wace waya ce ta ɗau zafi a bango, hhh. Af, LeVar Burton da ya fito a Geordi shi ne Kunta Kinte yana saurayi a shirin Roots na 1977, kuma shi da yake da idonsa lafiya lau in ya sa VISOR ɗin da ƙyar yake ganin gabansa wajen ɗaukar shirin.

Ɗan Birni: Na Q ɗin na bar muku. Amma na likita Pulaski ina nan kan bakata, can babu wani Q da zai yi wa godiya, likitarsu ce ta gida.

Maman Biyu: Can ɗin ma bai kushe ba, cewa ya yi zai yi tunani. Je ka sake kallo ka dawo mana.