Bindigar da mahaifinmu ya bari: ta ina zan fara?

Ɗan Zango ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar bindiga, musamman dattawanmu maharba da waɗanda suka yi aikin ɗamara. Mahaifinmu ya rasu wata huɗu da suka wuce a nan Damagaram, kuma da muka zo lissafin abin da ya bari, sai muka tarar da bindigarsa a bayan adakar tufafinsa, naɗe cikin tsohon bargo. Doguwa ce mai ƙotar katako, a jikin bututunta an rubuta .22 LR da sunan garin Sant Etiyen na Faransa, akwai kuma wata lamba a gefe. Mun sami gwangwanin madara da harsasai 31 a ciki, da takardar izini mai ɗauke da sunansa da hotonsa, wadda ta tsufa har hatimin ba ya karantuwa sosai.

Ƴan'uwana sun yarda a yi mata kuɗi a sa ta cikin rabona, domin ni ne nake kula da garkarmu da ke wajen Mirya, inda na tashi ina ganin marigayi yana dawowa da zabin daji ko zomo. Sai dai ban taɓa harba bindiga ba, domin bai taɓa barin ɗayanmu ya taɓa ta ba. Shekaruna 34, malamin makaranta ne ni, ina da mata da yara uku, babbansu shekararsa tara.

Shin takardar marigayi ta ishe ni, tun da bindigar ba ta bar gidanmu ba? Harsasan da suka daɗe haka a ajiye suna da sauran amfani? Wani abokina ya ce in daina wahalar da kaina, mu fita bayan gari ranar Lahadi mu auna kuka, a cewarsa haka kowa ya koya. Zuciyata ba ta kwanta da maganarsa ba, shi ya sa na kawo ta gabanku.

Tsohon Jandarma ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa ya huta. Ka yi daidai da ka tambaya kafin Lahadin ta zo.

Gona ana gadonta, bindiga ma a matsayinta na dukiya ana gadonta, amma takardar izini ba ta shiga cikin gado. An ba da ita ne ga mutum ɗaya da sunansa, bayan an binciki halinsa, kuma ta tsaya a kansa. Tun a shekarar 1963, zamanin Diori Hamani, aka kafa ƙa'idar da ta tsara riƙe makami da shigo da shi da miƙa shi ga wani a Nijar, kuma ma'aikatar cikin gida ce ke da hurumin wannan izini. Saboda haka idan aka tare ka a shinge tsakanin Damagaram da Mirya da wannan bindiga a bayan babur, takardar da za ka nuna sunan mamaci ne a kanta, kuma jami'in da ya tare ka ba zai tsaya sauraron labarin rabon gado ba. Na yi shekaru a irin waɗannan shingaye, na ga mutanen kirki sun kwana a tsare kan abin da tambaya ɗaya da ta kawar da shi. A halin tsaron da ƙasa take ciki yanzu ma, ba a sassauta wa kowa kan makami.

Abin da nake ba ka shawara shi ne ka bar bindigar inda take, ka kulle ɗakin. Ka kwafe lambar da ke jikinta da duk rubutun da ke kan bututun, ka ɗauki tsohuwar takardar da takardar shaidar rasuwa da katinka na ɗan ƙasa, ka je wurin ƴan sanda ko jandarma na yankinka ka bayyana cewa ga abin da ka tarar. Kada ka saɓa ta a kafaɗa ka shiga ofishi da ita da sunan nuna gaskiya, domin su ne za su gaya maka yadda za a kai ta da ranar da za a kai ta. Ka sa ƴan'uwanka su rubuta yardarsu kowa ya sa hannu, saboda gobe. Lamarin yana ɗaukar lokaci, wani lokacin ma ana iya hana mutum, kuma idan haka ta faru, ko kai da kanka ka ga ba ka buƙatarta, ƙasar nan tana da hukumar tattara makaman da ba sa bisa ƙa'ida, CNCCAI, wadda aka kafa a 1994, kuma miƙa makami da kanka ba abin kunya ba ne.

Izinin riƙe bindiga daban, izinin farauta daban. Na biyun yana hannun ma'aikatan gandun daji, a ƙarƙashin doka mai lamba 98-07 ta 1998, kuma su za ka tambaya lokacin da aka buɗe farauta da dabbobin da aka hana taɓawa. Gandun Termit da Tin Tumma, wanda aka keɓe a 2012 kuma wani ɓangarensa yake cikin jiharmu, kada ma ka yi tunaninsa.

Baba Maharbi ya amsa:

Ɗana, Allah ya gafarta wa mahaifinka. Maganar takarda ɗan'uwana ya gama ta, ni zan yi magana a kan ƙarfen kansa, domin na fi shekara arba'in ina riƙe da shi.

Garin nan ba baƙon bindiga ba ne. Tun zamanin Sarki Tanimu ake haɗa albarushi ana ƙera igwa a Damagaram, kuma iyayenmu sun yi farauta da harba-ka-ruga kafin mu ga ta Bature. Amma wadda ka gada ba irin tasu ba ce, ba kuma irin kalibar 12 ba ce da yawancinmu muke riƙewa (kaliba ita ce ma'aunin faɗin bakin bututu). Kalibar 12 cikin bututunta santsi ne, tana watsa ƙananan dalma da yawa, kuma bayan taku arba'in ko hamsin ba a dogara da ita wajen kayar da tsuntsu. Taka kuwa cikin bututunta an yi masa zane mai murɗawa, wanda yake juya harsashi guda ɗaya ya tafi a miƙe. Mutane suna raina .22, wato irin taka, saboda harsashinta bai kai ɗan yatsa ba, ƙararta kaɗan ce, ba ta kuma naushin kafaɗa, alhali idan aka ɗaga bakinta sama harsashin yana iya wuce kilomita ɗaya da rabi. Ka auna wannan nisa a ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya, inda bayan kowace sabara akwai yiwuwar makiyayi ko mace mai neman itace, sai ka gane abin da ya sa ban yarda da shawarar abokinka ba. Wanda bai taɓa harbi ba yana iya kuskure kuka komai kaurinta. Duwatsun da suka kewaye garinmu ma ba wurin gwaji ba ne, domin harsashi yana dukan dutse ya karkata inda ba ka nufa ba, haka kuma yake yi a kan ruwan tafki. Tudun yashi mai tsayi wanda ka zagaya bayansa da ƙafarka ka gani, shi ne abin da ake sawa a bayan abin auna.

Kafin maganar harbi ma, a yanzu haka ba ka san ko akwai harsashi a cikinta ba. Ka ɗauka akwai. Duk wanda ya miƙo maka bindiga ya ce babu kome a ciki, ko ni ne, ka buɗe sakatarta, wato ƙarfen da ke tura harsashi cikin bututu, ka duba da idonka, ka sa yatsa ka taɓa. Cire gidan harsashi bai isa ba, domin guda ɗaya yana iya kwanciya a gindin bututu. Na koyi wannan ne ina saurayi, a tsakar gidan kawuna. Na cire gidan harsashin na ajiye a kan tabarma, na tabbata na gama, sai yatsana ya taɓa kunama. Harsashin ya fasa randar da ke gindin bedi, ruwa ya malale har ƙofar madafa, kuma ƙanwata ba ta daɗe da ajiye moɗa ta bar wurin ba. Kawuna bai buge ni ba, bai ma ɗaga murya ba. Ya karɓi bindigar, ya ce in tsince gutsattsarin randar ɗaya bayan ɗaya, kuma sai da na yi shekara guda kafin ya sake miƙo mini ita. Tun daga ranar yatsana ba ya shiga wurin kunama sai na ga abin da zan harba na kuma ga abin da ke bayansa, kuma bakin bindigata ba ya kallon mutum ko da wasa. Wannan ma addini ya riga mu faɗa, domin Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami, don bai sani ba ko Shaiɗan zai fizgi hannunsa.

Bindigar da ta daɗe a jingine tana da wani maƙiyi da ba kowa ke tunawa da shi ba, wato zanzaro. Yana shiga bututu ya yi gininsa na laka a ciki, kuma harba bindigar da bututunta ya toshe yana iya kumbura ƙarfen ko ya fasa shi a gaban fuskarka. Sai wanda ya san aikin ya duba ta tukuna. Harsasan gwangwani kuma ka bayyana su tare da bindigar, kada ka dogara da su, domin zafin bazara da laimar damina na shekaru suna lalata su: wani ba zai tashi ba, wani kuma zai yi jinkiri ya tashi bayan ka sauke ta. Duk ranar da ka ja kunama ka ji shiru, ka bar bakinta a inda ka auna, ka ƙirga talatin a hankali kafin ka buɗe. Mai kuwa kaɗan ake shafa mata, a goge da tsumma, don idan ya yi yawa ƙurar hunturu tana manne masa ta zama kamar taɓo. Ka toshe kunnuwanka lokacin koyo, ko da ƙaramar bindiga ce. Ni kunnena na hagu ya daɗe da tafiya, sai an matso dama nake jin sallama.

Maman Yara ta amsa:

Malam, ina yi maka ta'aziyya. Ni ban taɓa harbi ba, amma na yi shekara 22 a gidan da akwai bindiga, don haka ina ganin ina da abin faɗa. Maigidana yana fita da ita sau biyar ko shida a shekara, sauran kwanakin duka tana gida tare da ni da yara, kuma a nan ne hatsarinta yake. Ka ce babban ɗanka shekararsa tara. Ina tabbatar maka ya riga ya san inda take, domin babu maɓoyar da yaro bai sani ba a gidan ubansa, ko saman sif ne ko ƙarƙashin katifa.

Wata rana ina hura wuta na ga ɗana na biyu yana juya wani abu mai ƙyalli a hannu yana matsowa kusa da murhu, yana cewa zai gasa ya ga abin da zai faru. Harsashi ne da ya tsinta a aljihun rigar babansa da na ajiye don wanki. Tun daga ranar muka yi sharaɗi: bindiga a akwatin ƙarfe da kwaɗo, babu kome a cikinta, harsasai a wani akwatin a wani ɗakin, mabuɗai kuma ba sa rataye a ƙusa. Idan ya dawo daga daji yana ƙirga abin da ya fita da shi da abin da ya harba a gabana. Ka kuma zauna da matarka kafin ka nemi takardar nan, domin ita ce za ta kwana ta wuni da abin, kuma tana da hakkin ta ce ba ta so.

Ɗan Zango ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Baba, maganarka ta hana ni barci, domin ranar da muka same ta mun yi ta miƙa wa juna ita a cikin ɗaki, har ƙanena ya ɗora ta a kafaɗa yana auna taga, kuma babu wanda ya buɗe ta a cikinmu. Jiya na sayi kwaɗo na sa wa ɗakin, gwangwanin harsasan kuma na kulle shi a wani wuri daban. Hajiya, na yi magana da uwargida kamar yadda kika ce, kuma sharaɗinta bai bambanta da naki ba. Gobe Litinin bayan na tashi daga makaranta zan je da takardun. Abin da ya rage mini shi ne, in buɗe sakatar da kaina in duba kamar yadda Baba ya kwatanta, ko in jira?

Tsohon Jandarma ya ƙara da cewa:

Ka jira, Malam. Kwatancen Baba na wanda aka riga aka nuna wa ne hannu da hannu, kai kuwa ba ka san inda makullin tsaronta yake ba, kuma ƙarfen da ya yi shekaru a bargo yana iya cijewa, mutum ya sa ƙarfi yatsansa ya zame. Tun da ɗakin yana kulle, kwana ɗaya ko biyu ba za su ƙara kome ba. Idan ka je gobe ka gaya musu a fili cewa ba a duba cikinta ba tun rasuwar mai ita, ka roƙi a haɗa ka da wanda zai zo ya buɗe ta a gabanka. Ka tafi da kwafin kowace takarda guda biyu, ka riƙe na asali a hannunka, kuma duk abin da ka miƙa musu, ko harsashi ɗaya ne, ka nemi a rubuta maka shaidar karɓa mai kwanan wata da lambar bindigar.