Musayar Waƙa: Renon Yaron Gola a Football Manager, Wasan Kwamfuta na Jagorantar Ƙungiyar Ƙwallo

Ɗan Autan Benci:

Salamu alaikum manyan gida,
Masana Football Manager nake kira ku taya ni.

In Maris ya yi, akadami ta kawo sabbin yara,
Gola ɗan 16 a cikinsu shi ke damu na ni.

Taurari 5 na gobe, rabin tauraro na yau,
Ta ina ake fara gyaransa? Ku sanar da ni.

A bar shi gida yana koyo, ko a ba da shi aro?
Mutum ɗaya raga ke ɗauka, nan ne ya ɗaure ni.

Malam Mai Safar Hannu:

Amin ƙanena, fara ajiye zancen taurari,
Ƙiyasin koci ne, yakan kuskure da sauri,
Da 'yan wasanka yake auna yaron tun fari,
Ƙungiya in ta yi ƙarfi sai ka ga suna raguwa.

Iyakar yaro lamba ce da aka ɓoye,
Daga 1 zuwa 200 take, ka kiyaye,
Na fili 1 zuwa 20 ne, ga su a shirye,
Su za ka karanta kafin murna ko damuwa.

Zafin nama ka duba, shi ne kan gaba ɗaya,
Sai riƙon ƙwallo, kar ta kuɓuce ta koma baya,
Sai arangama da ɗan gaba, ɗaya da ɗaya,
Sai miƙa a sama in kuros ya zo wucewa.

Na ƙwaƙwalwa: sanin wurin tsayuwa a raga,
Gane inda ƙwallo za ta tun yana hanga,
Natsuwa minti 90 ko ba a ja masa daga,
Da yanke shawara, fita ko kuwa tsayawa.

Ɗan 16 in yana da 12 a zafin nama,
Da 12 a sauƙin juya jiki, to ka kama,
Tsayuwa da shawara ko 7 ne, ba nadama,
Shekaru da wasanni ke sa su hauhawa.

Abin da horo ba ya gyarawa shi ne tsawo,
Gajeren gola kwana ce ke zame masa ciwo,
Sai mai barin raga ya tafi yawo,
Ganganci in ya kai 15 akwai abin dubawa.

Baba Na Akadami:

Malam ka faɗi lambobi, ban musa maka ba,
Amma ka bar hali, ba ka taɓo shi ba.

Yaro mai baiwa in malalaci ne a horo,
Ba zai kai iyakar da aka ɓoye masa ba.

Himma a fili take, ka so ta 14 ko fiye,
Riƙon sana'a da buri kuwa ba a nuna su ba.

A kalmar halinsa da rahoton koci za ka tsinto su,
In an ce mai sakaci ne ko marar buri, bai yi ba.

Tun bugun wasan na 2019 rukunin tarbiyya ake haɗawa,
Ba a ɗora yaro ga babba guda kamar da ba.

Mutum 3 ne mafi ƙaranci a rukunin,
Ba zai haɗu ba in ba tawaga ɗaya suke ba.

Don haka ɗaga yaron zuwa babbar tawaga,
Ka bar shi yana buga wa matasa, ba zai rasa wasa ba.

Babban ya zam mai faɗa a ji a cikin 'yan wasa,
In tasirinsa kaɗan ne, halin ba zai motsa ba.

Shi ma ka bincike shi kafin ka haɗa su,
Mugun hali na bin yaro, ba nagari kaɗai ba.

Nemi tsohon gola ɗan 34 mai riƙon sana'a,
Don tarbiyya za ka saye shi, ba don ya kama ba.

Wata 6 ka ba su, ko kaka sukutum,
Ba a taɓa gyara hali a mako 2 ba.

Mai Usur:

Baba ka gama da hali, bari in ɗauki horo,
Don kafin 18 horo ne ke gina shi.

Kocin gola 2 ka nema in aljihu ya yarda,
Ɗaya tare hari, ɗaya kamu da rabo ya koya mashi.

Mutum guda in ka ɗora masa duka biyun,
Taurarin horon kan ragu, yaro ke jin zafinshi.

Kocin ya zam mai himma, mai tsare doka, mai zaburarwa,
Ya iya da yara, 15 ko sama, sannan ka ɗauke shi.

A horon kansa zaɓi gola mai share baya,
Ya fi taɓa lambobi da yawa, har ƙafa yake gyara mashi.

Ƙarin darasi guda ɗaya ake ɗora masa,
Wata 3 ka bari ya yi kafin ka sauya shi.

Fara da sauƙin jiki da daidaito tun yana ɗanye,
In ya girma jiki ba ya saurin karɓar shi.

Sai zafin nama, sai kamu, sai dabarar tsayuwa,
Dogon bugu ya jira, a ƙarshe ake kai shi.

Ninkin horo sai jikinsa na cike da ƙarfi,
In alamar zuciya, ma'aunin ƙarfin jiki, ta ragu ka sassauta mashi.

Rauni na wata 3 a waɗannan shekaru,
Lambobi yake ci, ka daɗe kana biyan bashi.

Makin horo in ya haura 7.5 ka yaba masa,
In ya faɗo ƙasa da 6.5 kira shi ka ja kunnenshi.

Malam Mai Safar Hannu:

Mai Usur ɗan'uwa, a nan zan ja da kai,
Iyakar yaro ma'auni guda ne kawai,
Abin da ƙafa ta ci, hannu zai rasa shi sosai,
Kar a watsa shi ko'ina ya tashi ba ƙwarewa.

In 'yan bayanka na hawa har tsakiyar fili,
Mai share baya dole ne, da gudu da hankali,
In kuwa a gida suke zama, mene ne dalili?
Ba shi gola zalla, hannu ya sha gogewa.

Ɗan Autan Benci:

Na gode manya, horo da hali sun zauna,
Ranar da ya cika 18 ta rage ku warware mini.

Donnarumma na da 16 Milan ta ba shi raga a 2015,
Me zai hana a jefa wannan ma? Ku amsa mini.

Na Bakin Turke:

Ƙanena, irin Donnarumma ba kullum ake samu ba,
Kar ka auna kowane yaro da shi ya cuce ka.

Ɗanyen gola a babban lig kuskure yake jerawa,
Gwiwarsa ta yi sanyi, maki 3 su tsere maka.

Ni dai riƙe shi gida ka sa shi golan kofi,
Matsayin na nan a alƙawarin wasa, an tanadar maka.

Shekara 3 a kulob tsakanin 15 da 21,
Ita ke mai da shi ɗan gida a rajistarka.

Gasar Turai 'yan wasa 25 take karɓa, 8 renon ƙasa,
4 daga ciki renon kulob, gola na cike maka.

Yaya Mai Aro:

Na Bakin Turke, rabin zancenka na ɗauka,
Ya cika shekara 3 a gida, wannan na bar maka,
Daga 16 zuwa 19, ɗan gida ya zama naka,
Bayan nan kofi ba ya isar yaro.

Kofi wasa nawa ne? In an yi sa'a 6,
In an fitar da ku tun farko sai zaman gida,
Ɗan gaba kan shigo canji, minti 20 ya samu fa'ida,
Gola ba a canjinsa, benci ne ko tsaro.

Bayan 18 wasa ke ɗaga lamba,
Wasa 30 zuwa 40 a kaka, ita ce riba,
Na matasa ya yi masa kaɗan, ba zai ƙara shi ba,
Maganin guda ne, a tura shi aro.

A 2011 Chelsea ta sayi Courtois yana matashi,
Ɗan 19, Cech na raga, ba wurin sa shi,
Kaka 3 Atletico Madrid ta riƙe shi,
Ya ci La Liga a 2014, ya dawo ya karɓi raga ba tsoro.

Sharaɗi na farko, golan farko, a rubuce,
In sun ce mataimaki, tashi ka wuce,
Duba golansu na yanzu, in ya fi naka ka kauce,
Alƙawari ba ya hana su ajiye ɗan aro.

Sa damar kiran shi gida a cikin takarda,
Sabunta kwantiraginsa kafin ka yarda,
Shekara 4 ko 5, wannan ita ce ƙa'ida,
In ya haskaka manya za su yi masa taro.

Matakin lig ya zo daidai da ƙarfinsa,
In ya fi su nesa ba abin da zai ƙaru a kansa,
In sun fi shi raga ta cika, ya rasa natsuwarsa,
Ka duba kuma kocin golansu da filin horo.

Wasa 10 na farko buɗe rahoto ka gani,
Maki 6.8 ko fiye, aron ya yi amfani,
In benci yake, Janairu ka kira shi ka nemi wani,
Kaka mai zuwa mataki guda za ka ƙaro.

Ɗan 23 in ka ga lamba ta yi jinkiri,
Kar ka kai shi kasuwa, gola ba ya nuna da wuri,
Bayan 30 yake cika ƙarfi da tsari,
Zoff golan Italiya na da 40 a 1982 Kofin Duniya ya ciro.

In ya dawo karɓar raga, fara da tsohon gola,
Rage masa alƙawarin wasa ko ka sayar, kar ya kawo matsala,
Sabon zai yi amai sau 2 ko 3, ajiye bulala,
Wasa 15 a jere ka ba shi kafin ka zaro.