Kwikwiyona zai fara zuwa wurin mai horo, me zan yi masa kafin nan?

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema. Ina da kwikwiyo jinsin Jamus, wanda ake ce wa Alseshan, watansa huɗu, na saye shi ne don gadin gida a nan Kaduna. To ya fara dirar wa baƙi. Shekaranjiya ya cafki bakin zanen Hajiyarmu sai da ya yaga, ta ce ba ta ƙara shigowa sai an ɗaure shi. Na samu mai horar da karnuka, ya ce in kai shi nan da mako uku. Ko igiya bai taɓa ji a wuyansa ba. Ta ina zan fara?

Likitan dabbobi, daga Zariya:
Wa alaikumus salam, Malam. Fara da katin allurarsa. Can zai cuɗanya da wasu karnuka, kuma fabo, ciwon nan na amai da gudawar jini, kwikwiyo ya fi kashewa. Rigakafinsa ana farawa tun yana mako 6 zuwa 8, a riƙa maimaitawa har ya kai kamar mako 16. Allurar ciwon haukan kare kuma daga wata uku ake yi. In ba a kammala ba, ɗaga ranar. Ba shi maganin tsutsar ciki, ka duba kunnuwansa da tsakanin yatsunsa saboda kaska.

Wata Hajiya mai karnuka biyu, daga Jos:
Ɗana, igiyar nan tun yau. Sa masa abin wuya mai laushi, yadda yatsunka biyu za su shige ƙarƙashinsa. Zai yi ta susa yana birgima, ƙyale shi. Bayan kwana biyu ka ɗaura igiya ya riƙa janta a tsakar gida kana kallo, sannan ka fara riƙewa. Abin da ya wahalar da ni kuwa shi ne harshen da ake yi masa magana. Mai horo ya koya wa nawa da Turanci, yara a gida suna ce masa "zauna", maigida yana cewa "kwanta mana", kare ya tsaya yana kallon kowa. Tambayi mutumin kalmomin da zai yi amfani da su, duk gidan ku riƙe su. Minti biyar na koyarwa ya isa, da sassafe ko bayan la'asar, kafin ya ci abinci.

Wani matashi:
Riƙe ɗan kilishi a aljihu, yana zama ka miƙa masa.

Likitan:
Ban da kilishi, akwai yaji da gishiri, sau da yawa har da albasa, ita kuwa tana lalata wa kare jini. Dafaffen nama zalla, a yanka ƙanana kamar ƙwayar gyaɗa.

Wani dattijo da ya yi farauta:
Yaro, kada ka ɗaga masa sanda. Karen da ya sha duka ko ya zama matsoraci ko ya zama mai cizo. In ya yi tsallen, juya masa baya, kada ka ko kalle shi. Ƙafafunsa huɗu na taɓa ƙasa ka shafa kansa. Kuma ranar horon ka je da kanka, kada ka aiki maigadi, muryarka ya kamata ya sani.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba katin, ashe saura allura ɗaya. Gobe in sha Allahu zan kai shi asibitin dabbobi, in biya kasuwa in sayo abin wuyan.