Neman shawara: gyaran Dodge Charger ta 1969 da tsatsa ta ci, a gida

Mai Tambaya ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa gyaran tsofaffin motocin nan na Amurka masu ƙaton inji, musamman waɗanda suka yi aikin da hannunsu a gida. Na mallaki wata Dodge Charger ƙirar 1969 mai injin V8 na 383 (lambar girman injin ke nan), wadda ta daɗe ajiye a fili babu rumfa, kuma kafin nan an yi ta hawanta a arewacin Amurka, inda ake watsa gishiri a kan tituna lokacin dusar ƙanƙara. Ƙasan wurin zaman direba ya huje har ana hango ƙasa, gindin but ya zama kamar rariya, fallayen da ke saman tayoyin baya sun kumbura, sannan da na ɗaga ledar da aka lulluɓe rufin da ita na tarar gefen gilashin baya ya ruɓe. Injin kuma ba ya juyawa.

Ina da gareji mai ɗaukar mota ɗaya da ɗan sarari, da injin walda na MIG, mai aiki da waya da iskar gas, wanda ban ƙware da shi ba tukuna. Niyyata ita ce in kwance komai, in kai gangar jikin a wanke ta da feshin yashi, ni kuma in fara da injin kafin ta dawo, domin jin ƙararsa zai ƙara mini ƙwarin gwiwa. Shin wannan tsari ya yi daidai? Kuma ta yaya mutum zai gane cewa mota ta wuce gyara tun kafin ya zuba kuɗinsa da shekarunsa a cikinta?

Tsohon Fanel Bita ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayarka ta biyu ce ya kamata ta zo farko, kuma har sai ka amsa ta ban ba ka shawarar ka taɓa injin ba.

Dole ka fahimci yadda aka ƙera wannan mota. Motoci irin su Chevelle da GTO na wancan zamani suna da shasi daban wanda ake ɗora bodi a kansa a ɗaure da noti, saboda haka idan bodin ya ruɓe ana iya ɗaga shi a ajiye gefe, shasin yana nan yana riƙe da tayoyi da inji. Charger ba haka take ba. Kamfanin Chrysler, wanda ya ƙera ta, ya haɗe bodin da shasin wuri guda da ɗigon walda, kamar yadda Ford ya yi wa Mustang, wato ƙasan motar da dogayen ƙarafan da ke ƙarƙashinta da ƙarfen da ke ƙasan ƙofofi duk tare suke ɗaukar nauyi. Ramin da kake hango ƙasa ta cikinsa bai tayar mini da hankali ba, domin fallen ƙasa na daga cikin abubuwa mafi sauƙin sauyawa. Abin da zai yanke hukunci yana ƙarƙashin motar.

Ka ɗaga ta a kan ƙafafun ƙarfe huɗu masu ƙwari, kada ka shiga ƙarƙashinta tana kan jak kaɗai, sannan ka tabbata inda ka kafa su ba ruɓaɓɓen ƙarfe ba ne. Ka ɗauki sukudireba mai tsini da ƙaramar guduma ka bi waɗannan wurare a hankali: dogayen ƙarafan baya, musamman inda suka lanƙwasa a saman gatarin tayoyi da inda sifirin ke rataye, dogayen ƙarafan gaba, da kuma ƙarfen nan da ya gitta a ƙarƙashin kujerun gaba. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci a motocin Chrysler, domin gabansu ba ya zaune a kan sifirin mai naɗi, yana zaune ne a kan sanduna biyu masu murɗewa, kuma gindin sandunan a jikin wannan ƙarfe yake. Idan ya ruɓe, sandar na iya fizge mazauninta gaban motar ya zube. Ƙarfe mai lafiya yana ba da ƙara mai tsaf idan ka buga shi, ruɓaɓɓe kuwa ƙararsa a dushe take, kuma sukudireban kan shige. Ka kuma bi jikin motar da maganaɗisu a naɗe cikin ƙyalle. Inda ya ƙi kamawa, mai yiwuwa wani ya riga ka zuwa wurin ya cika shi da fila, wato ƙullun da ake cike lotsawar bodi da shi.

Game da kwance komai, ban yarda ba. Kafin ka yanke ko da taƙi ɗaya, ka bar ƙofofin a jikinta ka daidaita su har tazarar da ke kewaye da su ta yi daidai, domin su ne ma'auninka. Sannan ka samo ƙarafa masu kusurwa huɗu ka tokare bakin kowace ƙofa da su, ka kuma gitta wasu daga gefe zuwa gefe a cikin motar. Charger ba ta da ginshiƙi tsakanin tagar gaba da ta baya, saboda haka da zarar ka cire ƙasanta ba tare da tokara ba, za ta lotsa a tsakiya, kuma ba za ka gane ba sai ranar da ƙofa ta ƙi rufuwa bayan ka gama walda. Ka nemi littafin gyara da kamfanin ya buga na wannan shekara, akwai zanen awon ƙasan motar a ciki. Tsakanin gatarin gaba da na baya inci 117 ne, kuma dole ɓangarorin biyu su yi daidai.

Mai Lissafi ya amsa:

Duk abin da Malam ya faɗa gaskiya ne, amma ni zan kawo abin da masu son mota ba sa son ji. Ɗan'uwa, ka duba lambar motar da ke saman dashbod ta ɓangaren direba. Idan ta fara da XS29, to R/T ce, wato samfurin Charger mai ƙarin ƙarfi, wadda ta fito da injin 440 ko kuma injin 426 da ake kira Hemi. Idan ta fara da XP29, Charger ce ta gama-gari. Harafi na biyar shi ke nuna injin da aka sa mata a masana'anta: a 1969, F na nufin 318, G da H na nufin 383, L na nufin 440, J kuma Hemi. Akwai kuma ɗan allon ƙarfe a cikin ɗakin inji mai ɗauke da lambobin fenti da sauran kayan da ta fito da su. Ka adana shi da kyau.

Dalilin da ya sa na kawo wannan shi ne, wahalar sauya ruɓaɓɓen ƙarfe iri ɗaya ce ko motar R/T ce ko ba ita ba ce, amma darajarsu bayan an gama ba ɗaya ba ce. Wanda ya gyara motar gama-gari da ta ruɓe har ƙashi, da wuya ya mayar da abin da ya kashe, ko da bai lissafa guminsa ba. Shi ya sa masu wannan harka a Amurka suke bin motocin jihohi masu bushewa irin su Arizona, ko da fentinsu ya ƙone kujerunsu sun yayyage, domin sauya kujera ya fi sauya shasi sauƙi nesa ba kusa ba. Idan binciken da Malam ya ce ka yi ya nuna ƙarafan gaba da na baya da wanda ya gitta duk sun tafi, shawarata ita ce ka nemi wata gangar jiki mai lafiya mai takardunta, ka mayar da wannan wurin ciro kayan gyara. Kada kuma wani ya ce maka ka cire lambar wannan ka maƙala wa waccan. A Amurka laifi ne a dokar tarayya, kuma duk mai saye da ya san mota zai gane.

Ina kuma ganin garejin da ke ɗaukar mota ɗaya zai yi maka kaɗan, domin motar da aka kwance tana cin wuri fiye da wadda ke haɗe.

Mai Walda ya amsa:

Ban yi sabani da Mai Lissafi a kan kuɗi ba, amma mai tambaya bai ce sayarwa zai yi ba. Kuma Charger ta 1968 zuwa 1970 tana cikin motocin da aka fi samun sababbin fallayensu. Kamfanoni irin su AMD suna buga ƙasan mota da gindin but da fallayen baya har da dogayen ƙarafan ƙasa. Sai dai kada ka ɗauka za su zauna daidai da zarar ka ɗora su. Kusan kowanne sai an gwada, an rage, an sake gwadawa, kuma ba a yin walda sai an riƙe shi da matsi an rufe ƙofa da murfin but an ga komai ya hau layi.

Ƙarfen jikin waɗannan motoci bai wuce kaurin milimita ɗaya ba sosai, kuma abin da ke lalata shi a hannun sabon mai walda shi ne zafi. Ka yi amfani da siririyar waya ta milimita 0.6 da iskar gas mai kashi 75 na agon da kashi 25 na kabon dayoksaid. Wayar da ba ta buƙatar gas ta fi zafi, tana huda falle. Kada ka ja layi mai tsawo. Ka ɗiga a nan, ka tsallaka nesa ka ɗiga, ka bar wurin ya huce, ka yi ta zagayawa har ɗigon ya haɗe. Inda masana'anta ta haɗa fallaye biyu da ɗigon walda, ka huda ɗigon da abin yankansa na musamman ba tare da ka ratsa fallen ƙasa ba, sannan ka huda sabon fallen ka cika ramukan. Ka fara koyo a kan tarkace, daga nan gindin but inda ido ba ya kaiwa, fallayen waje kuma su zama na ƙarshe. Ka gama gefe ɗaya kafin ka taɓa ɗayan, domin wanda ba ka yanke ba shi ne samfurinka.

Feshin yashi yana da wurinsa, amma idan aka yi shi da ƙarfi a kan rufi ko bonet ko ƙofa zai lanƙwasa su, kuma ƙurar yashi tana haddasa cutar huhu da ba ta warkewa, shi ya sa masu aikin ke amfani da wasu ƙwayoyi maimakonsa. Ƙarfen da aka tsiraita kuma yakan fara tsatsa nan da nan idan akwai laima, saboda haka dole a fesa masa fentin farko na efoksi ba tare da jinkiri ba. Magungunan kashe tsatsa masu sinadarin fosforik suna aiki a kan tsatsar da ke sama kawai. Inda ƙarfe ya huje ko ya yi laushi, maganinsa yanka.

Sai maganar lafiyarka. Ka sauke tankin mai da bututunsa ka fitar da su daga garejin kafin tartsatsin farko, ko da kana ganin tankin ya bushe. Inda rufi ya haɗu da fallen baya, da darma masana'anta ta cike wurin, saboda haka kada ka gurza shi fuska a buɗe. Tsofaffin takalman birki na iya ƙunsar asbestos, wani sinadari mai cutar da huhu, kada ka hure ƙurarsu da iska. Kada ka goge wurin da za ka yi walda da maganin wanke birki mai kilorin, domin zafin walda na mayar da shi iska mai kisa. Fentin zamani mai haɗi biyu kuma yana da sinadarin da takunkumin ƙura ba ya tarewa. Wannan kashi na aikin gara ka kai wa masu ɗakin fenti.

Mai Tambaya ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba lambar, XP29H ce, wato ba R/T ba ce, amma ba don sayarwa nake son ta ba. Ƙarfen da ya gitta da ƙarafan gaba duk sun ba da ƙara mai kyau. Na baya na hagu ne sukudireba ya shige a kusa da inda sifirin ke rataye, na dama kuwa tsatsarsa a sama take. Na fasa kwance komai, zan fara da tokara. Tambayoyi biyu suka rage: me zan yi da injin a tsawon wannan lokaci? Sannan notocin tayoyin ɓangaren direba sun ƙi kwancewa duk da man da na zuba musu, alhali na ɗaya ɓangaren sun fita ba gardama.

Tsohon Fanel Bita ya amsa:

Dakata da notocin nan, kada ka ƙara musu ƙarfi. Motocin Chrysler na wancan lokaci an yi wa kusoshin tayoyin hagu zare na hagu, wato ana kwance su ne ta inda ake ɗaure sauran. Ka goge kan kusar, mai yiwuwa ka ga harafin L a buge. Idan ka ci gaba da murɗawa yadda ka saba, ɗaurewa kake yi har su karye.

Abin da ka gano kuwa labari ne mai daɗi. Mota ce mai gyaruwa. Ƙarfen baya na hagu shi ne aikinka na farko bayan tokara, amma kada ya zama waldarka ta farko, domin shi ke riƙe da sifirin. Ka ƙware a kan tarkace, ko ka kira wanda ya iya ya yi maka wannan ɗaya kana kallo. Idan ruɓar ta tsaya a wuri ɗaya ana iya sauya wannan yanki kawai, amma ka yanke har sai ka kai ƙarfe mai haske da cikakken kauri, ka kuma leƙa cikinsa da tocila, domin irin waɗannan ƙarafa daga ciki suke ruɓewa.

Injin kuma, ka cire fulogai ka zuba man da ke ratsa tsatsa a kowace silinda, ka bar shi ya jiƙa, lokaci-lokaci ka gwada juya shi da sifana a kan babban notin gaba, a hankali, gaba da baya. Kada ka gwada da kik. Ko ya saki ko bai saki ba, ka cire shi tare da giya bayan ka gama tokara da awo, ka toshe duk kafofinsa ka ajiye shi a busasshen wuri. Kada ka gyara shi yanzu, domin injin da aka sabunta aka ajiye shekaru yana jiran bodi yakan yi tsatsa a ciki. Kafin ka cire shi, ka ɗauki hoton kowace waya da kowane bututu, kuma duk notin da ya fita ya shiga leda mai rubutun inda ya fito. Idan ka buɗe ƙarfen bayan, ka ɗora mana hotonsa mu ga iya inda ruɓar ta tsaya.