Wace kariya ɗan jarida yake da ita idan ya taɓa mai mulki ko malami?

Ɗalibin Yelwa:
Assalamu alaikum. Ni ɗalibin aikin jarida ne a nan Bauchi, kuma ina sanin makamar aiki a wani gidan rediyo mai zaman kansa. A makon jiya na haɗa rahoto kan wani asibitin ƙauye da aka ware wa kuɗin gyara amma har yanzu rufinsa yana yoyo, sai editana ya jefa shi a aljihun tebur, ya ce ba shi da ƙarfin ƙwato ni idan aka zo kama ni. A aji an koya mana cewa sashe na 22 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa 'yan jarida nauyin sa wa gwamnati ido, sashe na 39 kuma ya ba kowa 'yancin faɗin albarkacin bakinsa. Magabata, tsoron editan nan yana da tushe, ko kuwa ragwanta ce?

Tsohon Wakili:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka yi saurin kiransa rago. Abin da ba a faɗa muku a aji ba shi ne, a Arewa ɓata suna laifi ne da ake iya ɗaure mutum a kansa, domin yana cikin sashe na 391 da 392 na dokar Final Kot (Penal Code), wato kundin hukunta laifuka na Arewa, ga kuma sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda aka daɗe ana farautar marubuta da shi kafin a yi masa gyara a 2024. Mai ƙorafin ba ya ma buƙatar cin shari'a. Ya ishe shi a kama ka ranar Juma'a da yamma, ka kwana uku a ofishin 'yan sanda, majistare ya aika ka gidan gyaran hali kafin a saurari batun beli; ko da an sallame ka daga baya, saƙon ya riga ya isa ga abokan aikinka. Ka tuna da Haruna Mohammed Salisu, mawallafin jaridar intanet ta WikkiTimes, wanda aka kama a Duguri ta ƙaramar hukumar Alkaleri ranar zaɓen shugaban ƙasa, 25 ga Fabrairun 2023, ya kwashe kwanaki a tsare kafin a ba da belinsa. Shi ma don yana da suna ne ƙungiyoyin kare 'yan jarida suka yi ta magana. Wakilin da ke Ningi ko Misau, wanda ba shi da takardar ɗaukar aiki, wa zai san an ɗauke shi?

Hajiya daga Gombe:
Malam ya yi bayanin masu mulki, amma a ganina batun malamai ya fi tsauri. Kwamishina yana da ofishi da lauya, ka san ta inda zai ɓullo maka. Malami kuwa yana da mabiya, kuma da zarar an ambaci sunanka a majalisin karatu, aka yanko minti ɗaya na muryarka aka watsa a WhatsApp, to tambayar da ka yi kan kuɗin ginin masallaci ta koma cin mutuncin addini. Na taɓa dakatar da shirina na tsawon wata biyu saboda irin wannan, ba kuma barazanar waya ce ta karya mini gwiwa ba, kukan mahaifiyata ne, wadda maƙwabta suka daina gaisarwa.

Lauya Mai Bin Shari'a:
Hajiya, Allah ya ƙara haƙuri. Sai dai, ɗana, kada ka bar rahoton ya mutu. Ka rubuta wa ma'aikatar da ke kula da asibitin takarda ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, ka riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa, ka ɗauki hoton rufin, sannan ka nemi jin ta bakin wanda abin ya shafa ka naɗi amsarsa. Ka sake kai wa editan da waɗannan a hannunka, ka kuma tabbatar wani babba a ƙungiyar 'yan jarida ta Najeriya (NUJ) ya san ranar da za a saka shi.