Wane suna za mu ba ciwon da ya ƙi tafiya?

Assalamu alaikum malamai da ma'aikatan lafiya. Ina neman mu tsayar da kalma guda ta Hausa ga abin da likitoci ke kira "chronic pain" da Turanci, domin na sha jin ana fassara shi da "ciwo mai tsanani", kuma wannan fassara ta kauce wa ma'anar. Tsawon lokaci ake aunawa a nan. A kundin rarrabe cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, bugu na 11, wanda ya fara aiki a Janairun 2022, an bayyana shi da zafin da ya haura wata uku yana nan ko yana dawowa, ko da kuwa mai shi yana iya zuwa gona da shi.

Matsalar farko tana cikin kalmar ciwo kanta, domin da ita muke kiran cutar, da ita kuma muke kiran zafin da cutar ke jawowa. Mai ciwon suga yana iya shekara bai ji zafi ba, alhali wanda aka yanke wa ƙafa yana iya kwana yana jin zogi a yatsun da babu su. Saboda haka "daɗaɗɗen ciwo" zai haɗa hawan jini da ciwon baya a kwando ɗaya.

Ba ƙarancin kalmomi ke damunmu ba. Na taɓa raka gwaggona asibiti kan ciwon ƙugu da ta shekara huɗu tana fama da shi, likita ya tambaye ta yadda take ji, sai ta dafa wurin ta ce da asuba tsami yake yi, da rana ya riƙa sukanta, da dare kuma zogi ya sauka har tafin ƙafa kamar an zuba garwashi. Kowace kalma a cikin waɗannan tana nuna wa likita hanya dabam, shi ya sa ba na son mu ɗauki zogi ko suka mu mai da su sunan gaba ɗaya. Raɗaɗi ce ta fi cancanta, tunda bakin mutane ya riga ya saba da "maganin rage raɗaɗi", duk da na yarda asalinta ta fi kusa da ƙuna da ɗanyen rauni.

Dalilin da ya sa na matsa a kan wannan shi ne yadda masana suka fahimci lamarin. John Bonica, likitan Amurka mai sa majinyata barci lokacin tiyata, ya kula da sojojin da suka samu rauni a Yaƙin Duniya na Biyu, ya ga rauni yana warkewa amma zafi bai tafi ba, kuma likita ɗaya ba ya iya masa. Daga nan ya kafa sashen da ke tara likitan jijiyoyi da na ƙashi da masu gashin ƙashi da masana halayyar ɗan Adam a kan majinyaci ɗaya a Jami'ar Washington da ke Seattle, kuma taron da ya kira a 1973 ne ya haifar da ƙungiyar duniya mai nazarin raɗaɗi. Kundin da na ambata ya amince cewa wani lokaci raɗaɗin shi kansa ne cutar. Wanda aka ce masa ciwonsa "mai tsanani" ne zai nufi kemis neman ƙwaya mai ƙarfi irin tiramol, alhali abin da yake bukata ya haɗa da motsa jiki da gyaran barci da kwantar da hankali.

Saura siffar. "Mai ɗorewa" ba ta kwanta mini ba, domin alheri muke yi wa fatan ɗorewa. "Zaunanne" tana da kyau, sai dai ta bar wanda nasa ke tafiya ya dawo, kamar wasu masu amosanin jini. Ni dai na zaɓi "raɗaɗi mai naci", saboda mai naci shi ne wanda ka sallama ya koma, ka sake sallama ya sake komowa.

Ina roƙon malaman jinya da 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram su faɗa mana ko tsohuwa a ƙauye za ta gane wannan suna idan ta ji shi a bakin likita.