Zauren da Titi Ya Ci: Musayar Baituka daga Zazzau

Baba Magini, Cikin Birni

Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya da hantsi ina tsaye aka sauke zauren gidanmu, faɗaɗa hanya ya ci gaban gidan. Barci ya ƙi zuwa, sai na tashi jikana ya rubuta mini waɗannan a waya. Amsa-amona "ra" ne. Wanda zai amsa ya riƙe shi in zai iya.

Da sunan Allah nake farawa,
Mai rayawa kuma Mai kashewa,
Shi ya ba bawa ikon ginawa,
Ya kuma karɓe in ya ƙaddara.

Sun zo da jan fenti ran Talata,
Suka zana alama a ƙofata,
Na ce ku sha ruwa, ga tabarmata,
Suka ce Baba muna da saura.

Zauren nan kakana ya gina shi,
Tubali kan tubali ya jera shi,
Makuba ya jiƙa ya shafe shi,
Rufinsa giginya ce, azara.

A nan aka ɗaura auren Inna,
A nan aka raɗa sunan 'ya'yana,
A ƙofarsa aka sallaci babana,
Yau katafila ta mai da shi shara.

Ban ce titi ba shi da rana ba,
Ban ce hukuma ba ta kyauta ba,
Amma baƙona in ya zo nan gaba,
A ina zai zauna ya jira?

Ɗan Keke, Kwangila

Allah ya ba da haƙuri Baba, wallahi na ji zafin abin. Sai dai a bar ni in faɗi tawa, ni da nake wuni a kan hanya, Kwangila zuwa PZ, PZ zuwa birni. Tun da gwamnatin Malam Nasiru El-Rufai ta ƙaddamar da shirin sabunta birane a 2019, aka fara da Kaduna aka shigo Zariya, aikin da ya fi taɓa aljihuna shi ne gadar Ƙofar Doka.

Baba na durƙusa ina gaisuwa,
Yaro ba ya ja da furfura kuwa,
Amma mai keke yana da damuwa,
Bari in kwance ta, ka saurara.

Kafin gadar sama a Ƙofar Doka,
Tirela da tanka su cushe duka,
Mai naƙuda a bayana tana kuka,
Ga rana, ga hayaƙi, ga ƙura.

Yau in na ɗauko daga Tudun Wada,
Kafin fasinja su gama raɗa,
Mun shige birni, ga ƙofar fada,
Da sawu uku nake, yau ina yin tara.

Inna Mai Atamfa, Sabon Gari

Baba sannu da wannan rashi, rashi ne ai. Ni ba zan iya "ra" ɗinku ba, tsufa ya zo, da "ta" zan shigo, kuma ƙwar biyu zan yi don numfashina bai kai huɗu ba. Mu 'yan Sabon Gari kasuwa ce gadonmu tun da jirgin ƙasa ya iso Zariya a 1911. Ɗan Keke, matso kusa.

Ka samu hanya ɗana, na taya ka murna,
Ni sabon gini ne ya hau kan rumfata.

Shekara ashirin da biyu ina wuri ɗaya,
Makaho ma ya san inda zai sami atamfata.

Aka ce a tashi, za a yi ta zamani,
Bene da tayil, har da wurin alwalar mata.

Aka gama, ya yi kyau, ban ƙi gaskiya ba,
Na je tambayar shago da 'yar jakata.

Da aka faɗi kuɗin sai na nemi kujera,
Ko na sai da gado bai kai rabin buƙata.

Yanzu a buhu nake bi gida-gida,
Na koma dillaliya, jarina a kan ƙafata.

Wanda ya sayi shagon bai san shadda da leshi ba,
Ya danna kwaɗo, sai ya leƙo wata-wata.

Alhaji Dillali, Ɗan Magaji

Jama'a wannan kuka ya yi yawa. Ni alheri na hango.

Baba ka bar kuka ka duba riba,
Gidan da ke lungu ya dawo gaba,
Bakin kwalta bai taɓa faɗuwa ba,
Fasa shago huɗu, haya ka tara.

Bayan Ɗan Magaji da hanyar Shika,
Gonar dawa ta zama fuloti duka,
Manomi ya sayar ya bar shuka,
Farashin bana ya shanye na bara.

Inna Mai Atamfa

Kai dai Alhaji kamashonka kake hange. Mutum na makokin zaure kana auna masa shago da taku.

Ɗalibar Zanen Gini, Samaru

Baba ina wuni, Inna ina wuni. Ni ƙaramar cikinku ce, a Jami'ar Ahmadu Bello nake karatun zanen gine-gine, a yi mini afuwa in na yi karambani.

Da na karanta baitin azara sai Masallacin Juma'a na ƙofar fada ya faɗo mini. Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina shi a shekarun 1830, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, kuma duk wanda ya karanci ginin Hausa da shi ake fara masa. A shekarun 1970 aka kewaye shi da ginin siminti. Ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023, ana sallar la'asar, wani sashe ya rufta a kan masallata, aka rasa rayuka. Allah ya jiƙansu. Tun ranar, in aka ce a bar ginin ƙasa yadda yake, sai in ce to wa zai riƙa kula da shi? Cocin Wusasa na 1929 ma na ƙasa ne, kuma kulawa ce ta kawo shi yau. Kuskuren da na fi gani a gidajen birni shi ne shafa siminti a kan bangon ƙasa: danshi ya shiga ya rasa hanyar fita, waje sumul, ciki yana rubewa.

Baba a aji aikinku muke karantawa,
Bakan gizo da ɗaurin guga muke zanawa,
Amma ko tubali ɗaya ba mu iya murzawa,
Namu sanin ya tsaya a takarda fara.

Aikin Babban Gwani ya wuce zamani,
Ba rodi, ba siminti, ba ƙarfen gini,
Ƙasa ya lanƙwasa ta bi umarni,
Kusan shekara ɗari biyu ana kabbara.

Sai dai ƙasa 'yar lallashi ce Baba,
In damina ta zo ba a yi yaɓe ba,
In indararo ya toshe ba a duba ba,
Ruwa ya shige ta, sai a ji ƙara.

Soron ƙasa da rana sanyi gare shi,
Da hunturu kuma ɗumi ne cikinshi,
Bulo da kwano, wa zai kwana ƙarƙashinshi
In an ɗauke wuta a tsakar bazara?

Baba Magini

Amin 'yata, Allah ya jiƙansu, ya yi miki albarka. Kin taɓo inda yake mini ciwo. Maganar shafen siminti kuwa, na faɗa har bakina ya gaji, ana ce mini tsohon yayi. Ga amsarki, ga ta Alhaji.

'Yata kin faɗi gaskiya ba ragi,
Mu ma magina muna da namu zargi,
Ba mai tada zanko, ba mai zana dagi,
Kowa ya koma bulo don naira.

Ganuwar Amina wa ya cinye ta?
Mu ne da jakai muka kwashe ta,
Wani ya yi gida, wani ya nome ta,
Je ki Kuyambana ki ga abin da ya yi saura.

Diyya an ba ni, ban ɓoye ba,
Na kai ta kasuwa, ba ta daɗe ba,
Siminti da rodi ba su san ni ba,
Katanga ta tashi, ƙyaure sai an ƙara.

Kai ko dillali na ji lissafinka,
Ran da ka zo neman auren ɗanka,
A wane shago zan karɓi goronka,
Na mai cajin waya ko na mai fura?

Alhaji Dillali

Allah ya huci zuciyarka Baba, na janye shago biyu. Saura biyun dai a yi tunani.

Ɗan Keke

Inna, baitukanki sun hana ni cin tuwo. Akwai abin da na ɓoye ɗazu don kada waƙata ta rasa ƙarfi. Na ari "ta" ɗinki.

Inna ki yafe, na yi guɗa da wuri,
Kwaltar da na yaba ta biyo ni har shimfiɗata.

Ran da aka kunna fitilun layinmu,
Washegari mai gida ya ƙwanƙwasa ƙofata.

Wai unguwa ta waye, ɗaki ya yi daraja,
Sawu taran nan duk ya tafi a hayata.

Famfo kuwa har yau iska yake hurawa,
Ɗan garuwa ne ke riƙe da randata.

Amma fa gadar ban janye yabonta ba,
Ko gobe a kanta zan wuce da 'yata.

Inna Mai Atamfa

Ai ba wanda ya ce ka janye. Ni ma ta kanta nake bi in kai wa matan birni kaya. In ka gan ni da buhu a PZ dai kada ka yi kamar ba ka san ni ba.

Ɗalibar Zanen Gini

Baba, azarar zauren fa, an kwashe? In tana nan kada a bari ta tafi murhu. Mu huɗu ne a ajinmu muke son mu zo mu gani, mu auna, in da hali ka nuna mana yadda ake ɗaura ta a baka. Ɗango biyu kawai ya rage mini:

Mun zo da littafi da awo a hannu,
Ka karɓe su ka ba mu kwaɓa mu fara.

Baba Magini

Tana nan 'yata. Goma sha ɗaya suka fita lafiya, uku katafila ta karya, na sa yara sun jingine su a bayan ɗakin Inna. Gara ba ta taɓa ko ɗaya ba. Wani mai gidan burodi ya zo da safe yana tayawa, na ce ya wuce.

Ku zo Asabar bayan la'asar. Ba zaure, sai dai ku yi sallama daga bakin titi, jikana zai fito ya shigo da ku. Ɗan Keke, kai za ka ɗauko su daga Samaru, kuma kada ka caje su kuɗin shata. Ke kuma ki gaya wa 'yan uwanki kada kowa ya sa takalmin kirki, da ƙafa ake cuɗa ƙasa.